Kafin A Yi Wa Abba Kaciya

Azare.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Bilkisu da maigidana Abba. Allah Ya sa kun sauka Lakwaja lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙon wuri, Ya haɗa ku da maƙwabta nagari. Na san ba za ka ga takardar ba sai kun kwance kaya, don cikin ƙullin kuka da daddawa na cusa ta. In tana wari ka yi haƙuri. In kuma rubutun ya karkace, ka tuna da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Za ka ce me ya hana ni faɗa maka da baki, alhali gida ɗaya muke tun ranar da aka haife ka, ko kuma in bari sai ka kira a salular nan da ka saya mini. Ai ka san ni, ka san kanka. In ka kira, daga "Adda ina kwana" sai "lafiya lau", sai "ya mutanen gida", shi ke nan mun ƙare, kati bai ma san an taɓa shi ba. Kai ɗan fari ne, ni kuma an haife ni Chinade, gidan da mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta san yana duniya. Shi ya sa kake kirana Adda kamar yayarka, kakarka kuma ita ce Inna. Shi ya sa ni ma har yau "yaron nan" nake ce maka, ga ka da gemu. Bakina ba zai iya abin da zan faɗa ba, sai dai hannu.

Abin da ya sa ni ɗaukar biro shi ne maganar da na ji ana gab da tafiyarku. Kana tsakar gida kana ɗaure katifa, ni ina cikin madafi, kun ɗauka ba na ji. Bilkisu ta ce maka a hankali, "Tunda can an ce akwai asibiti kusa, ko a yi wa Abba kaciyarsa a can, a yi masa allurar nan ta kashe zafi?"

Ko ɗagowa ba ka yi ba ka ce, "Wace allura? Mu da aka yi mana da aska tsurarta, mutuwa muka yi? Hutun sanyi zan kawo shi gida a haɗa shi da sauran yara."

Daidai nan na fito da ludayi a hannu. Tana ganina ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ni dai ba ruwana, ɗanku ne."

Wallahi sai na juya na koma madafi. Maganata ce ta fito daga bakinta, ba ragi ba ƙari. Ni na faɗe ta a wannan tsakar gidan, kana da shekara bakwai, kuma har yau ban gama biyan abin da ta jawo ba.

Ga yadda aka yi. Shekarar da za a yi maka, ƙanena, kawunka Buba, ya fara aiki a ɗakin shan magani, yana ta rawar kai da farar riga. Ya zo gaishe mu, ya ji ana maganar za a kira wanzami. Ya durƙusa gaban Inna ya ce, "Inna, da za ku yarda da an kawo shi babban asibiti. Akwai allurar da ake yi a gindin wurin, ya mutu murus, har a gama yaro bai sani ba."

Inna, Allah Ya jiƙanta, ta ce, "Kai ɗan nan, mazan gidan nan duk da idonsu biyu aka yi musu. Shi ne za a fara lalatawa?"

Mahaifinka, Allah Ya kai haske kabarinsa, ya waiwayo ya dube ni. Na san wannan kallon. Neman abokin magana yake. Da na buɗe baki na ce ko da "a dai duba", na tabbata da ya tsaya, don Inna ba ta da taurin kai in an lallaɓa ta. Amma kishiyoyin sauri na zaune, matan baffanninka, suna jiran su ji na nuna ina son ɗan fari su samu abin tsokana na shekara. Sai na kawar da kai na ce, "Ni ba ruwana, ɗanku ne." Buba ya tashi ya kaɗe gwiwarsa ya tafi.

Ka ga dai ba rashin sani ya hana ba, ba kuma rashin hali ba. Maganin ya zo har tsakar gida ya durƙusa, ni na kore shi saboda kada a yi mini dariya. Don haka abu na farko da nake so da kai: kada ka bar Bilkisu ta haɗiye maganarta. In ta ce ba ruwanta, ƙarya take, ruwanta ne har wuya. Ka same ta ku biyu, ka tambaye ta, ka ji ta. Can Lakwaja babu kaka, babu matan baffa, babu wanda zai ƙirga sau nawa kuka dubi yaron. Wannan ma wata rahama ce ta zama a baƙon gari.

Kuskure na biyu ƙarami ne a ido, amma shi ya fi daɗewa a jikinka. Da safen ranar, Inna ta ce a yi maka wanka, ni na yi maka, don wanka aiki ne, ba a cewa so ne. Ka tambaye ni, "Adda, ina za mu?" Na ce za a gwada muku rigunan salla a zaure. Ka fita da gudu kana tsalle, har ka bar takalminka ɗaya. Bayan wannan ranar, na daɗe ina lura, in na ce maka zo ka karɓi abu, sai ka tsaya nesa ka miƙo hannu, ƙafa ɗaya a baya. Mutane suna cewa yaron nan akwai kunya. Ni na san ba kunya ba ce.

Kada ka yi wa Abba ƙarya. Yaro ne mai wayo, ya fi ka surutu nesa ba kusa ba. Ka zaunar da shi ka gaya masa abin da za a yi, da harshen da zai gane: sunna ce, an yi wa kakansa mai sunansa, an yi maka, kowane namiji Musulmi an yi masa. Ka ce masa allurar za ta yi zafi kaɗan kamar cizon cinnaka, bayan nan wurin zai yi barci. Kada ka ce ba zafi ko kaɗan, don zai kama ka. In ya yi kuka, ka bar shi ya yi, hawaye bai taɓa rage wa yaro komai ba.

Yanzu na zo kan na uku, wanda ya fi min nauyi. An shiga da ku zaure, ku huɗu, wanzami ya baje zabirarsa. Ni ina bayan katanga, an ba ni dakan gero na kunun da za a dama muku. Na ji na farko, na ji na biyu. Da aka zo kanka, ba Inna ka kira ba, ita da take goyonka, take ba ka loma a baki. Ni ka kira. "Adda! Adda! Adda, zo!"

Matan gida duk suka juyo suna kallona, wata har da murmushi. Ka san abin da na yi? Na ɗaga taɓarya na ƙara mata ƙarfi. Na yi ta luguden daka don ƙarar turmi ta danne muryarka, a kunnena da nasu. Geron nan ya zama gari tun tuni, ban daina ba. Aka yi ta yaba mini, wai ga 'yar gidan mutunci, ko gezau ba ta yi ba. Na karɓi yabon nan na ci na sha. Har yau ba na son ƙarar daka. Kun ɗauka tsufa ne ya sa nake aika komai inji, to ba tsufa ba ne.

Ka tsaya a kan ɗanka ranar. Kada ka tura aboki ko maƙwabci, kai kuma ka fake da ofis. Ka riƙe hannunsa, ka sa kansa kusa da kai, ka yi ta yi masa magana ko da shirme ne. In sun bar uwa ta shiga, Bilkisu ta shiga. Na san za ka ji nauyi, don na ga yadda kake yi: in Abba ya rugo ya rungume ƙafarka a gabana, sai ka zame ka dubi sama kamar ana kiranka daga rufin ɗaki. A wurina ka koya, na sani. Kunya abu ce mai kyau, ban ce ka yar da ita ba. Ka yi ta a wurin biki, ka yi ta a wurin suna. Ban da ranar aska.

Akwai na huɗu, wanda mahaifinka ya rasu bai sani ba. Bayan an gama aka kwantar da ku a zaure, kowa da kara tsakanin gwiwoyi kada cinya ta goga. Ana kai muku kaji da kunu, maza na shiga suna yi muku kirari. Ni ba ni da ikon leƙawa. Sai dai in wuce ta bakin ƙofa kamar zan zubar da shara, in ji kana nishi ƙasa-ƙasa. Sauran yara sun fara wasa da baki, kai ba ka ko cin naman.

Da rana tsaka mai tallan magani a tire ya yi sallama a ƙofar baya. Na sayi ƙwayar asfirin, irin wadda nake sha in kaina na ciwo. Ban tambayi kowa ba. Wa zan tambaya, in ce don wa? Na murƙushe ta na zuba a kofinka na kunu, na ba Inna ta kai maka, ita ma ba ta sani ba. Na ji nishin ya ragu, na ji daɗi, sai na ƙara, na kuma ƙarawa washegari. Da hantsi sai ga ihu daga zaure: jini ya dawo maka, ya jiƙa tabarma, ya ƙi tsayawa. Wanzami ya zo ya barbaɗa garinsa, a banza. Ƙarshe asibitin da aka ƙi kai ka da ƙafarka, can aka kai ka a kafaɗa, fuskarka ta yi fari fat. Suka ɗinke wurin, Allah Ya sa da sauran kwananka.

Malamin asibiti ya tambaya ko an ba ka wani magani. Mahaifinka ya rantse ba a ba ka komai ba, kuma a saninsa gaskiya ya faɗa. Inna ta ce baki ne, wasu suka ce hannun wanzami ne ya zarce. Bawan Allahn nan ya daɗe ba a kira shi unguwarmu ba. Ni na ja bakina na tsuke.

Sai da ka warke na je Chinade na sami Buba. Na ce masa wata mata ce a unguwarmu ta ba ɗanta asfirin bayan kaciya, ko da matsala? Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Adda, ƙwayar nan tana tsinka jini, kuma ba a ba yara ita. Ban ce ita kaɗai ce ba, amma ta taimaka." Sannan ya ce, "Ki gaya wa matar nan kada ta sake." Bai ƙara tayar mini da maganar ba har yau, Allah Ya saka masa.

Ka ga abin da ɓoye so yake haifarwa. Na hana ka maganin gaskiya a fili, na zo na ba ka na kashe kai a ɓoye. Don Allah kada wani magani ya shiga bakin Abba sai wanda likita ya rubuta. Ban da ragowar ƙwayar manya, ban da na tire, ban da wanda maƙwabciya ta ce ya yi wa nata aiki. Kuma kafin a taɓa shi ka gaya musu cewa kai ubansa ka taɓa zubar da jini bayan kaciya, su duba shi tukuna. Yanzu ka san abin da aka ba ka, ka faɗa musu duka.

Kada ka ce tsohuwa ce ke ta zuba ba ilimi. Kafin in rubuta takardar nan sai da na hau ɗan acaɓa har Chinade, ina riƙe da rigar yaron mutane ina salati a kowane rami, na sami kawunka. Ya yi ritaya yanzu, yana fama da gonar gyaɗa, amma kansa bai manta ba. Na ce ya faɗa mini dalla-dalla, kuma wannan karon ban ce wata mata ce ba.

Ya ce abin da aka fi yi shi ne allurar nan ta kashe wuri. Amma ka sa ido, kada a yi ta a ɗauki wuƙa nan take. Sai an jira ta kama, an taɓa wurin an ga yaron bai ji ba. In ya ce yana ji, a yarda da shi, a dakata. Ya ce akwai wani man shafawa da ake sawa tun da sauran lokaci, yana rage zafin shigar allurar, sai dai ba ko'ina ake samunsa ba, kuma shi kaɗai ba ya wadatarwa, ka dai tambaya. Akwai kuma sa barci gaba ɗaya, wannan sai babban asibiti inda akwai mai aikin musamman, ana yin sa ga yaron da ke da wata matsala ko wanda tsoro ya hana shi tsayawa. In shi suka zaɓa, suka ce kada ya ci kada ya sha kafin a yi, to ko Bilkisu ta ga yana lashe baki kada ta ba shi. In allura ta sake shi zafi zai taso, nan ne ake ba da farasitamol na ruwa, gwargwadon nauyin yaro, yadda suka rubuta, ba yadda tausayi ya ce ba. In kuka ga jini ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya gagara, ko zazzaɓi, ko wurin ya kumbura yana wari, ku koma a ranar, kada ku jira gobe.

Na kuma tambaye shi game da jarirai, don na ga yadda Bilkisu ke ƙin warin manja kwanan nan, ni ba yarinya ba ce. Ya ce masu cewa jariri bai san zafi ba, ba su san abin da suke faɗa ba. Yana ji, faɗa ne ba zai iya ba. In Allah Ya kawo namiji kuka so a yi masa da wuri, shi ma a kashe masa wurin, uwar ta rungume shi ta ba shi nono.

Ba na zagin wanzamai. Sun yi wa garin nan hidima tun kaka da kakanni, wanda ya yi maka ma ni na zalunce shi, ba shi ya zalunce ka ba. Amma sunna ita ce a yi kaciyar. Na tambayi malamar Islamiyyarmu ko akwai lada a cikin zafin, ta ce ita ba ta san inda aka ce a azabtar da yaro ba alhali da sauƙi a kusa.

Kai ma ka ga sauƙin da idonka, ko ka manta? Lokacin autana Sadiƙu, Inna ta riga ta rasu, ni kuma ba mai hana ni, don auta kowa ya san na uwa ne. Na ɗauke shi da kaina na kai asibiti, kai ka raka mu, kana saurayi. Aka yi masa allura, na riƙe kansa a cinyata ina yi masa waƙa, har aka gama yana tambayar yaushe za a fara. Na ɗago na gan ka tsaye a bakin ƙofa. Ba wurin aikin kake kallo ba, hannuna kake kallo a kan goshinsa. Ka ce, kamar da kanka kake, "Ashe ana iya yi ba zafi." Ka juya ka fita, muka same ka a gida.

Shi ya sa da na ji ka ce "mutuwa muka yi?" ban yarda daga zuciyarka ta fito ba. Ba ka mutu ba, alhamdu lillahi. Amma ka kusa, kuma yaron nan mai tsalle da ya bar takalmi ɗaya a tsakar gida, ban ƙara ganinsa ba. Wanda ya fito daga zauren mai haƙuri ne, mai biyayya, bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai kuma ƙara kirana in yana cikin ciwo ba. Ka yi zazzaɓin da ya kwantar da kai, ka karye a hannu, ka faɗi jarrabawa, duk a bakin mutane nake ji. Ba na so Abba ya zama haka da ku. Ina so in ya ji ciwo ya kwarma ihu ya kira ubansa, yana da tabbacin za a zo.

In ka ga lalle sai a gida kake so a yi, ka kawo shi, amma ka sani ni zan ɗauke shi in kai asibiti, duk mai dariya ya yi. Mijina ne, ba mai raba ni da shi. Sai dai na fi so ya zama kai ne ka kai shi, don hannunka yake bukata, ba nawa ba.

Ka yafe mini. Ban rubuto don ka ba ni amsa ba, na san nauyin bakinka, gadona ne. In ka kira ka ce "Adda, an yi, yana barci", ya ishe ni.

Allah Ya tsare ku a inda kuke, Ya ba ka sa'ar aiki da shugabanni masu adalci. Allah Ya raya Abba, Ya sa a yi a sa'a, Ya ba shi sauƙin warkewa. Allah Ya sauki Bilkisu lafiya in lokaci ya yi. Ya jiƙan Inna da mahaifinka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Saura abu ɗaya. Ka kira ni sau uku daga cikin zauren nan, ina ji, ban amsa ba. Taɓaryar ta daɗe da tsagewa, masu dariyar rabinsu suna ƙasa, ba wanda ya rage in ji kunyarsa sai kai.

Na'am, Haruna. Na'am, ɗana. Ga ni.

Mahaifiyarka,
Adda.